Titin unguwa a Dakoro: wa zai tsara, wa zai biya?

Matanin laccar da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a garin Dakoro

 

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya biyo ta Tibiri zai yi tafiyar sama da kilomita 100 bisa kwalta har ya iso Dakoro. Wannan hanya ta gwamnatin ƙasa ce, kuma Bankin Raya Afirka ya sa kuɗinsa wajen shimfiɗa ta. To amma da zarar matafiyin ya sauka daga kwalta ya karkata cikin unguwa, sai labari ya sake. Da rani yashi ya riƙe ƙafar babur, jakin amalanke ya yi ta nishi, babbar mota ta kafe sai an haƙa. Da damina kuma ruwa ya mai da titi ƙorama, ya ci gindin katanga, ya bar kududdufi a ƙofar gida inda sauro zai yi ƙwai. Ɗan kasuwa yana biyan wannan lalacewa da kuɗin dako da gyaran mota, ma'aikaci yana biyan ta da makara da kuɗin maganin zazzaɓin yara.

Dokar ƙasa ta raba hanyoyin nan biyu. Babbar hanya tana wuyan ma'aikatar ayyuka da asusun gyaran hanyoyi, wanda ake tara masa kuɗi a shingayen biyan kuɗin hanya. Titin unguwa kuwa, da lambatunsa da shararsa da fitilarsa, yana wuyan ma'aikatar magajin gari. Duk wanda ya zauna jiran Yamai ta zo ta gyara masa ƙofar gida, to ya kai ƙara inda ba a shari'arta. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne, kuɗin fara gyaran titin unguwa mutanen gari sun riga sun saba biyan su, kuma abin da ya rage shi ne tsari da lissafi a bainar jama'a.

Tarihin jira

Turawan Faransa sun kafa bariki a Dakoro a 1947, garin ya girma da kasuwa da karar dabbobi, domin yana bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, kusa da kwarin Tarka. Hausawa da Fulani da Buzaye suka haɗu a nan, aka yi ta yanka filaye, unguwa na bin unguwa. A 1964 Dakoro ta zama mazaunin suprefe, sannan daga baya ta zama babban garin gunduma mai prefe. A duk tsawon wannan lokaci, mai yanke shawarar inda za a zuba burji naɗaɗɗe ne daga sama, kuma bayaninsa sama yake kai shi.

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya ɗaga muryar a mai da mulki hannun jama'a tun daga tushe. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma aka kafa hukumar NIGETIP da taimakon Bankin Duniya, bisa koyi da AGETIP da Senegal ta kafa a 1989. Dabararta ita ce a ba ƙananan ƴan kwangila na gida aiki, su ɗauki samari da yawa, su shimfiɗa tubalin siminti a titunan birane. Dabarar ta nuna amfaninta, sai dai kuɗinta na waje ne, kuma kuɗin waje da wa'adinsu suke zuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga ƙasashen Turai, tun daga kwalta har kayan gyaran injuna, ya yi tsalle.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ya ƙare cikin rikici, aka soke sakamako da yawa, kuma juyin mulkin Afrilu na wannan shekara ya binne sauran. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi majalisun komin 265 na ƙasar, Dakoro tana cikinsu a matsayin komin ta birni. Daga nan garin ya sami magajin gari zaɓaɓɓe da kasafin kuɗi nasa na kansa.

Wani abin da ya ƙara wa mutane ɗabi'ar jira shi ne bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi. A 2014 Doso ta sami nata rabo, a 2015 aka yi Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa tituna aka kafa fitilu, a 2018 aka yi na Damagaram. Babu mai musun cewa birnin Maraɗi ya sake kama. To amma bikin a manyan biranen jihohi ya riƙa sauka, ba a tsara shi don garuruwa irin su Dakoro ko Mayahi ko Tasawa ba. Mai unguwar da ke jiran layin kwalliya ya zo kansa, yana jiran motar da ba ta bin hanyar garinsa.

Ina kuɗin suke?

A cikin harajin da mazaunin komin ta birni yake biya akwai wanda takardun gwamnati suke kira da Faransanci taxe de voirie, wato harajin titi. Masu unguwanni ne suke bi gida gida suna karɓarsa. Sunan kansa alkawari ne. Mutumin da ya biya harajin titi shekara goma, ya leƙa ƙofar gidansa bai ga ko tifa guda ta burji ba, yana da hujjar tambaya, kuma ranar da ya ƙi biya ba a rasa dalilinsa ba.

Bayan wannan akwai kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da kuɗin kwata, da kuɗin da ake karɓa kan kowane kan dabba da aka sayar a kara. A gari irin Dakoro, inda raƙuma da shanu da awaki suke shigowa daga arewa ana loda su zuwa Maraɗi da Nijeriya, kara tana cikin manyan rijiyoyin da komin take ɗiba. Akwai kuma patanti da harajin gine-gine, waɗanda ma'aikatar haraji ta ƙasa take karɓa sannan ta mayar wa komin rabonta. Akwai kuɗin sayar da filaye duk lokacin da aka yi sabon yanka. A ƙarshe akwai tallafin gwamnati da ke biyowa ta hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008 don ta riƙa raba wa ƙananan hukumomi kuɗin gudanarwa da na ayyuka.

Kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumba 2010 ya wajabta wa komin ta ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shigarta na yau da kullum don ayyukan raya gari. Wannan shi ne abin da ke rubuce. A aikace kuwa, a komin da yawa na ƙasar, albashi da man mota da kuɗin zama da tarbar baƙi su ne suke fara cin tuwon, sai ɗan abin da ya rage a gindin tukunya ake kira kuɗin ayyuka.

Rariyar tana yoyo a wurare uku. Na farko, tsakanin hannun mai karɓa da akwatin ma'aji: tikitin da ba a yaga ba, dabbar da aka sayar a bayan kara, rumfar da mai ita ɗan jam'iyya ne don haka ba a tambayarsa. Na biyu, tsakanin Yamai da gari: rabon komin da baitulmali yake riƙewa watanni, har damina ta wuce lokacin aiki ya ƙure. Na uku, a kuɗin filaye: a yanka unguwa a sayar, a kashe kuɗin wajen biyan bashin albashi, a bar masu saye da fili wanda ba titi ba lambatu. Kowace unguwa da aka yanka ta haka, bashi ne aka ɗora wa ƴaƴan da ba a haifa ba.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Ɗan kasuwar da ke ba mai tikiti rabin kuɗi ya ce a bar takardar, shi ma ya huda rariyar. Ma'aikacin da ya san doka ya yi shiru don yana jiran a sauya masa wurin aiki, shi ma ya huda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ruwa ne farkon tsari

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar kwalta. Injiniyan da ya san aikinsa da tambayar ruwa yake farawa: daga ina yake tahowa, ta ina yake bi, a ina zai kwanta? Ruwan Dakoro ba shi da yawa in aka auna na shekara, to amma cikin ƴan watanni yake sauka, wani lokaci na mako biyu ya zubo cikin dare ɗaya. A ɗauki misalin titi mai tsawon mita 500 da faɗin mita 7. Shimfiɗarsa ta kama murabba'in mita 3,500. In aka yi ruwan milimita 50, titin kaɗai zai karɓi lita 175,000, wato tano 875 mai cin lita 200, ba a lissafa na indararon gidajen da ke zubowa kansa ba. Yashi yana shan wani kaso na wannan ruwa. Ranar da aka rufe yashin da kwalta ba tare da lambatu ba, duk ruwan zai gangara gidan wanda ke ƙasa, kuma talaka ne ya fi zama a ƙasa.

Daminar 2024 ta isa wa'azi. Ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi kowace asarar rayuka, kuma a Damagaram tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe. Gari mai gidajen laka ba ya wasa da hanyar ruwa.

Saboda haka matakin farko ba ya cin ko tamma. Mai unguwa da dattawa da mata da samari su zagaya bayan an ɗauke ruwa, su shaida inda ya kwanta, inda ya yi zaizaya, da inda wani ya gina katanga ko ya tara shara bisa tsohuwar hanyarsa. Tsofaffi sun san inda tafki yake kafin a yi gini, kuma ruwa ba ya manta gidansa. Mataki na biyu, a nemi ma'aikacin ayyukan karkara ko na tsara birane na gunduma ya auna gangaren ƙasa, ya zana taswira, ya ƙiyasta kuɗi. Mataki na uku, a jera titunan bisa amfaninsu ga kowa: wanda ya haɗa kwalta da kasuwa, wanda ya kai likita, wanda ƴan lakkol suke bi. Titin ƙofar gidan mai kuɗi ko na ɗan majalisa ya bi layi kamar na kowa.

Sannan a zo ga zaɓen abin da za a shimfiɗa. Burji shi ne mafi araha, sai dai yana tada ƙura, ruwa yana wanke shi, kuma yana son a bi shi da gyara bayan kowace damina. Kwalta ta fi daɗin tafiya, amma kilomita guda tana cin ɗaruruwan miliyoyi, tana son manyan injuna da kamfanin da zai zo daga nesa, kuma in ta fashe komin ba ta da abin like ta. Tsakaninsu akwai tubalin siminti da ake kira pave. Ana buga shi a gari da yashin gari, magina da leburorin gari ne suke jera shi, in bututu ya fashe a ƙarƙashi a cire a gyara a mayar, kuma ana iya yin mita 200 bana a ƙara 200 baɗi. Simintin ma a Malbaza ake yin sa, cikin ƙasa. Ga komin mai ƙaramin aljihu, wannan shi ne ɗinkin da ya yi daidai da yadinta.

Kafin a aza tubali ko ɗaya, a zauna da NIGELEC da kamfanin ruwa a ji ko suna da niyyar haƙa. An sha ganin titin da aka gama da rani aka farke shi da kaka don a binne bututu. A kuma zauna da masu rumfuna da masu tebur da aikin zai tasa, a nuna masu inda za su koma tun da wuri, domin mai tuyar ƙosai a bakin titi ita ma abincinta take nema.

Abu na ƙarshe a tsari shi ne takarda. Kowace komin tana da kundin shirin raya ta na shekaru, da shirin ayyuka na kowace shekara, kuma ana tsara kasafin baɗi kafin bana ta ƙare. Aikin da bai shiga waɗannan takardu ba, ma'aji ba shi da ikon fitar masa da kuɗi, masu ba da tallafi ma ba sa kallonsa. Unguwar da ta kawo kukanta a watan Yuli, ruwa na cikin ɗaki, ta makara da shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabon unguwa

Shin unguwa za ta iya da kanta? A sake yin lissafi. In unguwa tana da gidaje 200, kowane gida ya ba da jika ɗaya a wata, za a tara jika 200 a wata, wato miliyan 2 da jika 400 a shekara. Wannan kuɗi ba zai shimfiɗa kwalta ba, kuma duk ɗan siyasar da ya ce zai shimfiɗa yaudara yake yi. Amma zai biya awo da taswira, zai yashe lambatu kafin ruwan fari, zai sayi amalanken kwasar shara, kuma zai zama gudummawar da masu tallafi suka saba nema kafin su sa nasu. Unguwar da ta zo da taswira a hannun dama da kuɗinta a hannun hagu, ba roƙo ta zo yi ba.

Karo-karo yana da sharuɗɗa. A sa kuɗin a asusu mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace. A ba da rasiti ga kowane dala. A karanta lissafi a ƙofar mai unguwa kowane wata uku. A ɗauke wa gwauruwa da marayu da gajiyayyu. Mai babbar mota da mai shagon da tifa take sauke masa kaya su ba da fiye da na malamin lakkol, domin nauyin motarsu ne yake cin titin.

Gayya ma tana da wurinta. Dattawa suna tuna zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya take fita da ganga a share gari a gina azuzuwa. An yi aiki, amma umarni daga sama yake zuwa, kuma da mai umarnin ya kau sai gangar ta yi shiru. Gayya tana yashe lambatu, tana dasa itatuwa, tana cike rami. Ba ta auna gangare, ba ta maye gurbin harajin da aka riga aka karɓa. Hukumar da ta karɓi harajin titi sannan ta ce wa talakawa su fito da shebur su yi titin, ta ci biyu.

Kwangila da kulawa

Inda kuɗin jama'a suka fi nutsewa shi ne wurin ba da kwangila. Dokar kwangilolin gwamnati ta tanadi a yi shela, ƴan kwangila su yi takara, a buɗe ambulan a gaban shaidu. A kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, da kuɗin aikin, da tsawon titin, da ranar gamawa, da Faransanci da Hausa. Kwamitin unguwa ya sa ido kan buhun siminti nawa ake zubawa a kwaɓi, domin tubalin da aka yi wa rowar siminti damina biyu take mai da shi gari. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai titin ya ga damina guda ya tsaya. Kuma tun ranar da aka sa hannu a rubuta wanda zai yashe lambatu da kuɗin da za a ware masa duk shekara. Lambatun da yashi da leda suka cike ya fi rashinsa illa, gama yana tara ruwan wuri guda ya sake shi cikin gidaje.

Wa za a tambaya?

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun rushe majalisun komin da na jihohi, suka naɗa kantomomi. Ɗan majalisar da unguwa take tarewa a masallaci ta tambaye shi ya kau daga kujerarsa, haraji kuwa bai kau ba. Ko zaɓaɓɓe ne yake riƙe da akwati ko naɗaɗɗe, kuɗin na masu biya ne. Tun 2011 Nijar ta kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ya gani. A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, tun 1989 aka fara tara mutanen unguwanni su zaɓi ayyukan da za a sa cikin kasafi, kuma shimfiɗa titi da magudanar ruwa suna cikin abin da talakawan can suka fi zaɓa. Abin da ya yiwu a can da zaman unguwa, ba zai gagari garin da ya saba zaman fada ba.

Buƙatu huɗu sun isa a fara da su. A liƙa a ƙofar ma'aikatar magajin gari abin da aka tara na harajin titi, unguwa unguwa, a kuma karanta shi a rediyon gari. A bayyana abin da kara da kasuwa da tasha suka kawo kowane wata. A keɓe kuɗin filaye ga titi da lambatu na unguwar da aka yanka. A kira masu unguwanni da wakilan ƴan kasuwa da na mata kafin a rufe kasafin kowace shekara.

Ƴan kasuwa su ne masu biyan kaso mafi tsoka, ma'aikata su ne masu iya karanta kasafi da kundin doka. Ɗan kasuwa shi kaɗai za a rufe masa baki da Faransanci, ma'aikaci shi kaɗai za a tuna masa cewa ana iya tura shi wani gari. In suka shiga ofis tare, ɗaya da rasitinsa ɗaya da dokarsa, da wuya a sallame su da gobe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba Dakoro damina mai albarka, ya tsare gidajen talakawa daga ɓarnar ruwa, ya ba masu riƙe da dukiyar jama'a ikon riƙe amana.